Rufin Asirin Mutum Daban, Rufin Asirin Ciwo Daban

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo a majalisunmu na Sabo, daga ƙofar masallaci bayan la'asar har teburin mai shayi da dare, amma har yau ba a yi mata zama na musamman ba. Lokaci-lokaci mukan ga baƙi sun shigo unguwa riƙe da takardun tambayoyi, wasu daga jami'a, wasu daga ƙungiyoyi masu zaman kansu. Sukan fara da gaisuwa a fadar Sarki, su ce sun samu tallafin kuɗi daga wata hukuma, galibi ta ƙasar waje, domin su binciki yadda matasa ke shaye-shaye, su kuma shirya aikin rigakafi. To, shin daidai ne mu buɗe musu ƙofa mu gaya musu gaskiyar abin da ke cikin gidajenmu? Ko kuwa yin haka tonon asiri ne, cin amanar 'ya'yanmu da ta unguwa baki ɗaya?

Masu cewa a rufe ƙofa ba jahilai ba ne, kuma hujjojinsu ba na wasa ba ne. Bari mu saurare su tukuna.

Hujjarsu ta farko ita ce matsayinmu a garin nan. Tun 1916 aka kafa Sabo a Ibadan. Akwai gidajen da kaka da jika duk a nan aka yanke musu cibiya, amma har gobe idan rana ta ɓaci sunanmu baƙi. Shi kuwa baƙo, laifinsa ba ya tsayawa a kansa shi kaɗai. Idan ɗan gari ya yi maye ya faɗi a kwata, a ce wane ya lalace. Idan namu ne, a ce Hausawa 'yan ƙwaya ne. Wake ɗaya ke ɓata gari, in ji masu iya magana, kuma mun ga hakan da idonmu a watan Fabrairun 2021, lokacin da saɓani tsakanin mutane ƙalilan a kasuwar Shasha ya zama wuta, aka yi asarar rayuka da dukiya, iyalai da dama suka kama hanyar Arewa. Wanda ya ga wannan, in ya ji tsoron a rubuta a takarda cewa kaza cikin ɗari na samarin unguwar Hausawa na shan ƙwaya, ba za a ce ya yi rashin hankali ba. Lissafi ma yakan zama makami idan ya faɗa hannun mai neman dalili.

Hujja ta biyu tarihi ne. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani bincike da ya haɗa yara wajen 200. Goma sha ɗaya daga cikinsu suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ne ba, kamfanin ya musanta, ya ce cutar ce ta kashe yaran, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana daga abin da ya sa mutane da yawa suka guji rigakafin shan inna a 2003. Mu nan Sabo ma an taɓa nazarinmu. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar nan tsakanin 1962 da 1963, ya bi diddigin cinikin shanu da goro da tsarin masu masauki, ya fitar da littafi a 1969 wanda har yau ake karantawa a jami'o'in duniya. Mutum nawa ne a cikinmu suka taɓa riƙe shi a hannu? Wannan ita ce ƙorafin dattawanmu: a zo a ɗebi labarinmu, a tafi da shi inda ba ma jin harshen da aka rubuta shi.

Hujja ta uku kuɗi ne. Tallafi yana bin matsala ne, kuma gwargwadon girman matsalar a takarda, gwargwadon kuɗin da za a saki. Ke nan akwai mai cin abinci daga ciwonmu. A yi taron bita a otal, a raba riguna masu tambari da kuɗin mota, a ɗauki hoto da Sarki, a kafa allo a bakin titi. Bayan shekara biyu ko uku tallafin ya ƙare, allon ya yi tsatsa, yaron da aka yi wa tambayoyi kuwa yana nan a kangon da aka same shi.

Duk mun ji, kuma babu ƙarya a ciki. Amma bari mu koma kan kalmar da ake rataye da ita, wato rufin asiri, mu tambayi kanmu wa aka ce a rufa wa asirin.

Abin da addini da al'ada suka koya mana shi ne a rufa wa mutum asiri. Idan ka ga ɗan maƙwabcinka a halin da bai dace ba, ba ka da hurumin kai sunansa majalisa. A cikin Bukhari akwai labarin wani sahabi da aka sha kawowa gaban Annabi (SAW) saboda shan giya. Wata rana wani ya tsine masa don yawan kawo shi da ake yi, sai Annabi ya hana, ya kuma shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. Laifin bai goge ba, amma mutuncin mai laifin bai zube ba. Haka kuma Imam Nawawi, da ya zo bayanin giba, ya lissafa wurare shida da aka yarda a ambaci aibin mutum, daga ciki har da neman taimako don a kawar da ɓarna, da neman fatawa, da gargaɗin jama'a daga cutarwa. Ke nan malamanmu tun tuni sun raba tsakanin maganar da ake yi don a kunyata, da wadda ake yi don a gyara. Babu inda aka ce a rufa wa ciwo asiri. Matar da ta kai ɗanta asibiti ta ɓoye wa likita abin da yake sha, ba ta rufa masa asiri ba, ta dai hana shi magani.

Kuma mun san inda shirun ke kai iyaye. Uba ya ga ɗansa ya fara canzawa, kunya ta hana shi tambayar kowa, bai san akwai asibitin da ke duba irin wannan ba, sai ya kai shi gidan mari a asirce. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutane sama da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Kafin shekarar ta ƙare, a nan Ojoo cikin garin Ibadan aka fito da sama da 200 daga wani wuri irinsa. Yawancin waɗannan mutane ba sato su aka yi ba. Iyaye da dangi ne suka kai su da hannunsu, suna biyan kuɗi, suna ganin gata suke yi musu. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma kunya ce ke hana a kunna fitila.

Yanzu mu duba abin da bincike ya taɓa yi mana, mu da muke tsoronsa. A 2017 an faɗa a zauren Majalisar Dattawa cewa ana shanye kwalabar kodin miliyan 3 kowace rana a Kano da Jigawa. A ƙarshen Afrilun 2018 BBC ta saki fim ɗinta na bincike kan kodin, washegari gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi. Hanin ya yi daidai. Amma ku tuna yadda aka riƙa kallonmu a lokacin a kasuwa da tasha: kamar shaye-shaye cutar 'yan Arewa ce da muka ɗauko a buhu muka kawo Kudu.

Sai ga rahoton babban binciken ƙasa ya fito a Janairun 2019. Tarayyar Turai ce ta ba da kuɗin, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wato UNODC, ya yi aikin tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da wata cibiyar bincike da ke Uyo. An shiga gidaje 38,850 a faɗin ƙasar, an kuma yi hira ta daban da mutum 9,344 waɗanda shaye-shaye ya riga ya kama. Abin da aka samu shi ne, 'yan Najeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64, kusan ɗaya cikin kowane bakwai, sun taɓa wani abin maye, ban da giya da taba sigari, a shekarar da ta gabaci binciken. Wiwi ce kan gaba da mutum miliyan 10.6, sai magungunan kashe zafi irin su tiramadol da miliyan 4.6, sai maganin tari da miliyan 2.4. Da aka raba shiyya-shiyya kuwa, Kudu maso Yamma, inda muke zaune ɗin nan, ita ce ta fi kowa da kashi 22.4 cikin ɗari. Arewa maso Yamma kashi 12 ta samu. Legas kashi 33, Kano kashi 16.

Kun gani ko? Lissafin da muke gudu shi ne ya wanke mu daga sharrin da jita-jita ta shafa mana. Da ba a ƙirga ba, da har yau bakin wanda ya fi ƙarfin murya ne gaskiya. Sai dai kada wannan ya sa mu miƙe ƙafa. Rahoton ya tsaya a matakin jiha da shiyya, bai gaya mana halin Sabo ko Shasha ko Akinyele ba. Abin da ya nuna mana shi ne 'ya'yanmu suna tasowa a yankin da abin ya fi ƙamari, kuma dila ba ya tambayar yaro yarensa kafin ya miƙa masa ƙulli.

Akwai wasu abubuwa uku a rahoton da suka shafe mu kai tsaye. Ɗaya cikin kowane mashaya huɗu mace ce. Wannan kam da wuya majalisar maza ta gano shi da kanta, domin abin yana faruwa ne a ɗaki, bayan labule, wani lokaci a wajen biki. Na biyu, ɗaya cikin biyar ne shan ya zame masa cuta ta yadda ba ya iya bari shi kaɗai. Ma'ana huɗun da suka rage ba su yi nisa ba tukuna, suna jin kira, in an samu mai kiran. Na uku, kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda suka fi shiga haɗari sun ce suna son magani amma ba su samu ba, saboda tsada, ko tsoron tsangwama, ko rashin wurin zuwa. Mu da muke cewa ɗan ƙwaya ba ya son shiriya, ga shi su da bakinsu sun ce suna so.

Bincike ya kuma koyar da duniya wani abu mai ɗaci game da rigakafi: ba duk abin da aka yi da kyakkyawar niyya ne yake aiki ba. A Amurka an fara wani shiri mai suna DARE a birnin Los Anjalas a 1983, 'yan sanda na shiga aji suna gargaɗin yara kan ƙwaya. Shirin ya bazu a makarantun ƙasar, an kashe kuɗi masu yawa, iyaye suna son shi. Da masu bincike suka bi sawun yaran bayan shekaru, sai suka tarar kusan babu bambanci tsakaninsu da waɗanda ba a yi wa ba. A Aisilan kuma, wata ƙaramar ƙasa can arewacin Turai, a 1998 kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 16 sun ce sun bugu da giya a watan da ya wuce. Zuwa 2016 abin ya sauko kashi 5. Su ba tsoratarwa suka sa a gaba ba. Sun sa dokar hana ƙananan matasa yawon dare, sun sa iyaye sun yi alkawarin ƙara zama da 'ya'yansu da sanin abokansu, sun buɗe wuraren wasa da koyon abubuwa bayan makaranta. Sannan suna yawan raba wa ɗalibai takardar tambayoyi ba tare da suna ba, a mayar wa kowane yanki sakamakonsa da wuri don ya san inda yake yoyo. Gaskiya ne ƙasar ƙarama ce kuma mai arziki, shan giyar matasa ya ragu a wasu ƙasashen Turai ma a wannan lokaci. Duk da haka darasin a fili yake. A Najeriya ma an gwada wani shiri mai darasi 12 da ake kira Unplugged a makarantun sakandaren gwamnatin tarayya 32, inda ake koya wa yaro yadda zai ce a'a ga aboki ba tare da ya ji ya zama bare ba, kuma an ga tasirinsa musamman wajen rage shan giya.

Wannan ya shafi yadda muke wa'azi. Babu yaron Sabo da bai san ƙwaya haramun ba ce. Mai turin baro a Bodija da ɗan acaɓan da ke kan babur tun asuba har goman dare ba don nishaɗi suka fara haɗiyar tiramadol ba. Jiki ne ke ciwo, ga kuɗin balas da za a kai wa mai babur, ga iyali can gida suna jiran aike. Maganin da asibiti ke bayarwa mai ƙarfin 50 ne ko 100, wanda ake sayarwa a ɓoye kuwa yakan kai 200 ko 225. Jiki yana sabawa, ɗaya ta daina isa sai biyu, ranar da bai sha ba gaɓoɓi su yi ta ciwo, barci ya ƙi zuwa, in ya sha da yawa kuma ya faɗi yana farfaɗiya. Wanda ya kai nan, tsawa ba ta fitar da shi. Sanin irin wannan shi ne amfanin bincike, kuma ba ma samunsa idan duk wanda aka tambaya ya ce lafiya lau.

Saboda haka matsayinmu shi ne a buɗe ƙofa. Amma mai gida ne ke buɗe ƙofarsa, kuma yana da ikon gindaya sharaɗi. Ba alfarma muke roƙo ba, domin dokokin binciken lafiya na ƙasar nan sun wajabta cewa kowane bincike da ya shafi mutane sai kwamitin ɗa'a ya amince da shi, kuma sai wanda za a tambaya ya yarda da kansa. To, duk wanda ya zo, a nemi ya nuna takardar amincewar. A yi wa kowane mutum bayani da Hausa, a gaya masa yana iya ƙi, yana iya tashi a tsakiyar hira. Yardar Sarki izinin shiga unguwa ce kawai, ba ta maye gurbin yardar yaron da za a zaunar. Kada a rubuta suna, kada a ɗauki hoton fuska, kada a ambaci layi ko gida. A tabbatar mana abin da aka faɗa wa mai bincike ba zai koma hannun masu kamu ba. Hukumar NDLEA, wadda aka kafa tun 1989, tana da aikinta, muna kuma goyon bayanta a kansa, amma ranar da hira ɗaya ta zama sanadin kama mutum, daga ranar babu mai sake faɗin gaskiya. A ɗauki namu masu ilimi aiki, har da mata, don matan aure ba za su buɗe ciki ga baƙon namiji ba. Idan hira ta gano wanda ke neman magani, a ce ga inda za a kai shi, ga mai raka shi, domin tono ciwo a bar shi a buɗe zalunci ne. A ƙarshe, kafin a kai rahoto Abuja ko Turai, a dawo nan a karanta mana shi da harshenmu, mu ji, mu yi gyara inda aka fahimce mu a karkace.

Mu ma akwai abin da ke wuyanmu. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shugaban da ya karɓi kuɗin zama da sunan unguwa ya ɗauki amana, ba kyauta aka ba shi ba. Wanda ya tara yaran gidansa da ba su taɓa ganin ƙwaya ba ya ce su ne mashaya don su karɓi kuɗin mota, ya cuci mai binciken, ya cuci masu ciwon na gaske, ya kuma ƙara wa unguwa baƙin suna. Wanda ya rage lissafi don kare mutunci shi ma ƙarya ya yi, kuma duk shirin da aka gina a kan ƙarya, ko ta ƙari ko ta ragi, ba zai warkar da kowa ba.

Akwai kuma wurin da rufin asiri ba ya isa ko kaɗan, wato wurin mai sayarwa. Mashayi kansa yake cuta da iyalinsa, shi ya sa muke neman masa sutura da magani. Dila kuwa 'ya'yan mutane yake ci. Abin takaici, a wasu lokuta namu ne, yana zaune da kwalin magani a bakin hanya ko ƙaramin kemis a lungu, yana sahun gaba a masallaci, kowa ya sani kowa ya yi shiru don ɗan'uwa ne. Wannan shirun ba zumunci ba ne. A fara da nasiha tsakaninsa da dattawa, in ya ƙi, a hana shi wurin zama, in ya ƙi, a miƙa shi ga hukuma. Unguwar da ta tsare dilanta ta kori mashayinta ta juya adalci ƙafa a sama.

Saura ƙorafi na uku, na ƙarewar tallafi, kuma shi ne ya fi kowanne gaskiya. A Janairun 2025 sabuwar gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin tallafin da take ba ƙasashen waje da umarni guda, ayyukan lafiya da dama a Afirka suka tsaya cak. Kayan aro ba ya rufe katara. Amma mu tambaya, me kuɗin tallafi zai iya saya tun farko? Zai biya masu ƙirga, ya buga littafin darasi, ya horar da ma'aikata. Ba zai iya sa uba ya san inda ɗansa yake ƙarfe goma sha ɗaya na dare ba. Ba zai sa mai shago ya sake ɗaukar yaron da ya dawo daga asibiti ba, balle ya sa a ba shi aure. Abin da bincike ya nuna yana aiki, yawancinsa a hannunmu yake, ba a hannun mai ba da tallafi ba.

Misali yana kusa da mu. A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Farfesa Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro ta Abeokuta. Maimakon a kulle masu taɓin hankali, sai aka sauke su a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowa tare da ɗan'uwansa mai kula da shi, da rana su je a duba su, da dare su kwana cikin mutane. Duniya ta yaba da tsarin. Asibitin Aro na nan har yau da sashen masu fama da shaye-shaye, haka asibitin Yaba a Legas, ga UCH nan kusa da mu. Likita yana cire guba daga jiki cikin makonni, amma zama cikin mutane ne ke hana mutum komawa.

Mu kuwa ai ba baƙin wannan ba ne. A kan masauki aka gina Sabo. Bafatake ya iso da shanu ko ya zo sayen goro, yana da maigidan da zai sauke shi, ya ciyar da shi, ya tsaya masa a ciniki, in ya yi laifi maigidan ake nema. Babu baƙon da ke kwana a unguwa ba a san hannun wa yake ba. Yau yaro ɗan shekara sha shida yakan sauko daga bayan tirela, ya kwana a rumfa ko kango, ba wanda ya san sunan garinsu. Mutum na farko da zai nuna masa kulawa shi ne zai zama ubangidansa, kuma sau da yawa mai ƙwaya ne ke riga kowa.

To me zai hana a farfaɗo da abin da muka gada? Kowace ƙungiya, ta 'yan acaɓa, ta 'yan dako, ta mahauta, ta 'yan gwangwan, ta san sabon zuwa ta haɗa shi da babba mai tsaya masa. Masu ba da babur su duba balas ɗin da suke yankawa, don wanda ya ɗora wa yaro abin da ba ya samuwa sai da aikin awa goma sha shida yana da kaso a ƙwayar da yaron ya haɗiya. 'Yan canji da manyan 'yan kasuwarmu su ware wani abu daga zakka da sadaka a yi asusun kai marasa ƙarfi asibiti. Malaman Islamiyyar matan aure su samu horo kan alamomin farko da inda ake neman taimako, ta yadda uwa za ta samu wadda za ta raɗa wa ba tare da maganar ta fita ba. A nema wa samari filin ƙwallo da abin yi tsakanin la'asar da isha. Limamai kuma, bayan sun faɗi haramcin, su ƙara da faɗin inda magani yake, su ja kunnen masu kiran tubabbe da tsohon sunansa. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya jiran sa hannun wani a Turai.

Idan muka yi haka, mai bincike zai zo ya tarar da mutanen da suka riga suka fara aiki, suna da tambayoyin kansu da suke son a amsa musu: yaranmu nawa ne, a wace shekara suke farawa, me ke tura matan, wace hanya ce ta fi dawo da su. Sai tallafin ya zama gudummawa a kan ginin da ke tsaye, in ya ƙare ginin na nan. Muna kira ga fadar Sarki da limamai da shugabannin ƙungiyoyi da na mata su zauna su rubuta waɗannan sharuɗɗa a takarda ɗaya, da Hausa da Turanci, a ajiye a fada, duk mai bincike da ya zo a fara miƙa masa ita kafin ya buɗe tasa.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba masu fama lafiya, Ya rufa mana asiri duniya da lahira.